Me ya sa kala ke juyewa daga ja zuwa shuɗi a tsakiyar jijiya a sikanin ɗin Dofla?

Wani ƙanenmu da ke karatun radiyogirafi ne ya turo tambaya, gida biyu. Na farko yace in ana sikanin na yau da kullum jini baƙi ƙirin yake fitowa, to ta ina na'urar ke samo ja da shuɗi in an danna kala? Na biyu, yana tsaye ana duba jijiyar wuyan wani dattijo, jijiya ɗaya ce amma tsakiyarta shuɗi gefe-gefe ja, wani a ɗakin yace jini ne ke komawa baya, wani yace na'urar ce ta fara tsufa. Wanne ne daidai?

Toh ƙanena, yadda ka kwatanta abin nan ina kyautata zaton babu ɗaya a cikinsu. Amma kafin ka gane dalili sai ka cire wani abu daga ranka tukuna: kalar nan ba hoton jini bace. Lissafi ne na'urar tayi, ƙiyasi ne ma, sannan ta shafa shi a kan hoton fari da baƙi. Duk maɓallin da kake gani a gefen Dofla, PRF ne (yawan harbin sauti a daƙiƙa), filta ne, gen ne (ƙara ƙarfin sigina), kusurwa ce, kowanne hannu ne da kake sakawa cikin wannan lissafin, shi yasa mai riƙe da firob, wato kan na'urar da ake ɗorawa a jikin mutum, zai iya ƙirƙiro ciwon da babu ko ya goge wanda yake akwai ba tare da ya sani ba.

Jini yana fitowa baƙi ne saboda jajayen ƙwayoyin jini sun yi ƙanƙanta da yawa. Ƙwaya ɗaya faɗinta bai wuce maikiron 7 zuwa 8 ba, shi kuwa sautin da firob mai megahaz 5 (firikwensinsa kenan, girgiza miliyan 5 a daƙiƙa) ke harbawa tsawon zangonsa ɗaya kusan milimita 0.3 ne, wato ya ninka ƙwayar kusan sau 40. Abu mai ƙanƙanta haka baya mayar da amsa-kuwwa mai ƙarfi, watsa sautin kawai yake yi kaɗan kaɗan ta ko'ina. Abin da ke dawowa daga jini yakan gaza wanda ke dawowa daga nama da bangon jijiya da desibel 40 zuwa 60, ko fiye ma, a ƙarfin sigina wannan sau 100 zuwa sau 1000 kenan. Dan haka siginar jinin tana nan, bata ɓace ba, hoton fari da baƙi ne bai da yadda zai nuna ta. Duk aikin Dofla shine a tono wannan 'yar siginar daga ƙarƙashin mai ƙarfin, kuma abu ɗaya ne ya bambanta su, jini yana gudu, nama kuwa yana zaune ko yana motsi a hankali.

Ka'idar ka riga ka santa daga fizis. Christian Doppler ɗan Ostiriya, wanda daga sunansa aka samo Dofla, ya kawo ta a 1842, shi a kan hasken taurari ma yake magana, sai a shekarun 1950 Shigeo Satomura na jami'ar Osaka a Japan ya fara amfani da ita da sauti a jikin mutum, zuciya tukuna sannan jijiyoyi. Sautin da ya dawo daga abu mai motsi firikwensinsa na canzawa, canjin da ake samu kuma shine 2 sau firikwensin firob sau gudun jini sau kosayin na kusurwar da ke tsakanin layin sauti da hanyar jini, a raba da gudun sauti a nama, wanda duk na'urori suka ɗauka mita 1540 a daƙiƙa. Saka lamba ka gani. Firob mai megahaz 5, jini na gudun santimita 50 a daƙiƙa yana nufo firob kai tsaye, zaka samu kusan haz 3,250. Cikin miliyan 5 fa, ko kashi 0.1 cikin ɗari bai kai ba. Daɗin abin shine wannan adadin ya faɗo cikin abin da kunnen mutum ke ji, wannan fuu-fuu ɗin da lasifika ke yi shi kansa canjin ne kake saurare.

Ga wani abu da littattafan aji basu cika faɗa ba. A kala da kuma PW, wato Doflar da ke auna gudu a wuri ɗaya da ka zaɓa, na'urar bata auna wannan canjin daga harbi ɗaya. Ba zata iya ba ma, saboda harbin gajere ne ƙwarai kuma nama da kansa yana cinye firikwensi na sama fiye da na ƙasa, canjin da wannan cin ke kawowa ya fi na Dofla girma nesa ba kusa ba. Abin da take yi shine ta harba sauti a layi ɗaya, ta jira amsa, ta sake harbawa a wannan layin dai, sau 8 zuwa 16 a kala, sannan a kowane zurfi ta kwatanta amsar farko da ta biyu, ta biyu da ta uku. In abin da ke wurin bai motsa ba amsoshin zasu zo iri ɗaya sak. In jini ne, tsakanin harbi da harbi ya ɗan matsa, sai amsar ta iso da wuri kaɗan ko a makare kaɗan. Wannan 'yar zamewar ita ake aunawa.

Yadda ake kama ta kuwa, na'urar tana ninka amsar da sigina biyu nata na cikin gida masu firikwensin firob, ɗaya an jinkirta ta da rubu'in zagaye, sai a tace a samu lamba biyu, I da Q. Lambobin nan biyu a lissafi kibiya ce mai tsawo da inda ta fuskanta. Tsawonta ƙarfin amsa, juyawarta daga harbi zuwa harbi kuma motsi. In tana juyawa ta wannan hannun jini na zuwa wajen firob, in ta wancan hannun tafiya yake. Nan ja da shuɗi suka samo asali. A yawancin saiti ja na nufin yana nufo firob, shuɗi yana nisa da shi, ba ruwansu da wai wannan jijiya mai bugawa ce wannan mai mayar da jini zuciya ce. Akwai ma maɓallin da zai juya su, dan haka kafin ka faɗi komai kalli 'yar sandar kalar nan ta gefen sikirin, kalar da ke sama ita ce mai zuwa.

Sai dai kafin a kai ga auna juyawar kibiya dole a kawar da siginar nama, in ba haka ba ita zata danne komai. Wannan aikin wol filta ne, kuma a ganina nan ne ake gane na'ura mai kyau da ta banza, ba a yawan maɓallai ba. Filtar tana zubar da duk abin da ke motsi a hankali ta bar mai sauri. Da sauƙin faɗa, amma ka tuna samfur 8 zuwa 16 kacal ke hannunta, wato amsoshin harbin nan, kuma abin da zata zubar ya fi abin da zata bari ƙarfi sau ɗaruruwa, sannan naman ma ba a tsaye yake cak ba, bangon jijiya na bugawa, mara lafiya na numfashi, hannun mai sikanin na rawa. Filta mai kaifi tana buƙatar samfur da yawa, wasu ma cinye samfur na farko take yi kafin ta daidaita, shi yasa injiniyoyi suka koma wasu dabaru irin su zana lanƙwasa mai laushi a kan samfuran a cire ta, abin da ya rage a ce shine jini. Ko ya aka yi dai akwai ciniki. Ka sauke filta, motsin nama ya shigo ya watsa maka kala ko'ina duk sanda mutum ya ja numfashi. Ka ɗaga ta, jinin da ke tafiya a hankali ya bi nama zuwa shara.

An taɓa kirana wani ƙaramin asibiti wai kalar na'urarsu ta mutu. Na tarar da wata baiwar Allah kwance da kumburarriyar ƙafa, jijiyar bayan gwiwa na nan a sikirin baƙa wuluk, akwatin kala a kanta ba ko ɗigo, har an fara maganar ko jini ne ya daskare. Da na duba saman sikirin sai ga saitin zuciya, wanda ya yi aiki kafin su bai mayar ba, sandar kala na nuna sama da santimita 60 a daƙiƙa, wato PRF a sama yake. Jinin jijiyar ƙafa a kwance kuwa a hankali yake tafiya, kuma a na'urori da yawa wol filta a ɗaure take da PRF, kana ɗaga ɗaya ɗayar na binta. Aka koma saitin jijiyar ƙafa, aka sauke sandar, aka ɗan matsa ƙwaurin matar, jijiya ta cika da shuɗi fal. Aka danna ta da firob ta lotse gaba ɗaya, wanda dama shine ainihin gwajin daskarewar jini, ba kala ba.

A ɓangaren masu ciki abin ya fi haɗari. In ana duba jijiyar igiyar cibiya, abin da ake nema shine ko jini na ci gaba da tafiya a ƙarshen lokacin da zuciyar ɗan tayi ke hutawa, in ya ɗauke alama ce mabiyiya bata aiki yadda ya kamata, kuma magana ce da kan kai ga shawarar ciro yaro kafin lokaci. Gudun wannan lokacin dama kaɗan ne. Filta mai tsayi zata share shi tas ta nuna maka babu. Shi yasa ISUOG, ƙungiyar ƙwararrun sikanin masu ciki ta duniya, tace a bar ta ƙasa sosai, kar ta wuce haz 50 zuwa 60.

Bayan filta sai lissafin gudu. Hanyar da kusan kowace na'ura ke bi har yau ta mutanen kamfanin Aloka ce na Japan, Chihiro Kasai da Koroku Namekawa da abokan aikinsu, sun fito da ita farkon shekarun 1980, takardarsu da kowa ke ambato ta 1985 ce. A auna kwanar da kibiya ta juya tsakanin kowane harbi da na gaba da shi, a haɗa su a fitar da matsakaici, waɗanda suka fi ƙarfi su fi nauyi. Shikenan. Lissafi ne mai arha, shi yasa kayan lantarki na wancan zamanin suka iya yinsa nan take a dubban wurare. Ka lura matsakaicin gudu yake baka a kowane ɗigo, ba mafi girma ba, dan haka ba a auna gudu da kala. Daga nan na'urar ke yanke hukunci ɗigo bayan ɗigo, wannan kala za a shafa masa ko a bar shi fari da baƙi, gwargwadon ƙarfin abin da ya tsira daga filta da hasken hoton ƙasa.

Kuma kala tana cin lokaci. Sauti na ɗaukar maikirodaƙiƙa 13 ya je ya dawo a kowane santimita, zurfin santimita 10 kenan maikirodaƙiƙa 130. Ace harbi 10 a kowane layi, layi 64 a akwatin, harbi 640, kusan hoto 12 a daƙiƙa tun ba a saka lokacin hoton fari da baƙi ba. In kaga hoto na jan ƙafa rage faɗin akwatin kawai.

Yanzu ga dattijonka. Tunda juyawar kibiya ake aunawa, akwai iyaka, dole juyawar tsakanin harbi biyu ta gaza rabin zagaye. Ɗauki firob mai megahaz 5, PRF haz 5,000, wato harbi 5,000 a daƙiƙa. Jini mai gudun santimita 20 a daƙiƙa zai matsa milimita 0.04 tsakanin harbi biyu, zuwa da dawowa 0.08, kusan rubu'in zagaye, lafiya lau. Mai gudun santimita 50 zai matsa milimita 0.1, zuwa da dawowa 0.2, wato 0.65 na zagaye. Na'urar bata ga tafiyar ba, inda kibiya ta tsaya kawai ta gani, kuma 0.65 gaba daidai yake da 0.35 baya. Sai ta zaɓi gajeren, ta rubuta maka santimita 27 ta ɗaya ɓangaren, ta shafa shuɗi. Iyakar a wannan saitin santimita 38.5 ce a daƙiƙa, gudun da canjin firikwensinsa ya kai rabin PRF, ita ake kira iyakar Nyquist. In ka taɓa ɗaukar fanka mai gudu a bidiyon waya kaga fukafukanta kamar suna komawa baya, abu ɗaya ne, kyamarar ce bata ɗauka da saurin da ya isa. Aliyasin ake ce masa.

Jini a jijiya ya fi gudu a tsakiya, a gefe bango na riƙe shi. Dan haka tsakiyar ce zata fara tsallake iyaka ta juye, gefe ya zauna ja, daidai abin da ka gani.

Yadda zaka raba shi da komawa baya na gaske, kalli iyakar da ke tsakanin kalolin biyu. Jinin da ya juya da gaske dole ya ratsa ta sifiri, dan haka zakaga ja mai duhu, sai baƙin layi, sai shuɗi mai duhu. A aliyasin babu baƙin layi, ja ne yake ƙara haske har ya koma rawaya, sai kwatsam ya faɗa shuɗi mai haske. Sannan ɗaga PRF, in aliyasin ne zai wanke. Amma kar ka ɗauke shi shara ko yaushe. In saitinka daidai ne, duk tsawon jijiyar ja ne sai wuri ɗaya tak ya juye, to a nan jini ya ƙara gudu, kuma jini na ƙara gudu ne inda hanya ta tsuke. Ƙwararru da shi suke farautar inda zasu ajiye PW. Ka sani kuma a kumburin da ke farkon jijiyar wuya ta ciki, inda ta rabu biyu, akwai ɗan juyawar jini na gaske a gefe ko a lafiyayyen mutum, wannan zaka ganshi da baƙin layinsa.

PRF ɗin ma ba yadda kake so zaka ɗaga shi ba, sai amsa ta dawo kafin a sake harbi. A zurfin santimita 15 iyakarsa kusan haz 5,100 ne, da firob mai megahaz 2.5 wannan bai kai mita 0.8 a daƙiƙa ba. Bawul ɗin zuciya da ya tsuke sosai kuwa jini na fita ta cikinsa da mita 4 ko fiye. Nan sai CW, wanda ke harbawa ba tsayawa yana saurare ba tsayawa, baya aliyasin amma bai san zurfi ba. Sauran mafita sune ka sauko da firikwensi, ko ka matsar da layin sifiri, wanda ya raba mai zuwa da mai tafiya, ka bai wa ɓangare ɗaya duk filin.

Awo na gaske a PW ake yi. Ka ajiye 'yar ƙofa a wuri ɗaya, na'urar ta tara samfur da yawa, 64 zuwa 256 haka, ta yi musu wani lissafi da ake kira FFT ta baje duk gudun da ke wurin, shine zanen nan mai hawa da sauka. Nan kusurwa ke shigowa, don na'urar canjin firikwensi ta sani, kai ne zaka gaya mata inda jijiya ta miƙe. A digiri 60 kosayin 0.5 ne, a 65 kuma 0.42, kuskuren digiri 5 ya jawo kusan kashi 15 cikin ɗari. A digiri 80 da 85 kuwa 0.17 ne da 0.09, ninki biyu. A 90 babu komai, jijiya lafiyayya zata fito ba kala. Dokar kar a wuce 60 daga nan ta fito.

In kana son ganin inda lamba ɗaya ke yanke hukunci a rayuwar yaro, duba sikila. Binciken STOP da aka wallafa a Amurka a 1998 ya nuna yaran da gudun jinin jijiyar ƙwaƙwalwarsu ya kai santimita 200 a daƙiƙa suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kuma ƙarin jini a kai a kai ya rage haɗarin da kusan kashi 90. Ana aunawa ne da firob mai megahaz 2 ta gefen kai gaban kunne inda ƙashi ya fi siriri. A Kano likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tare da jami'ar Vanderbilt sun yi bincike a kan bai wa irin waɗannan yaran maganin hydroxyurea, tunda ƙarin jini duk wata ba abu ne mai sauƙi a wajenmu ba. Abin lura gare ka shine 200 ɗin nan ba ƙololuwar bugawa bace, matsakaicin layin saman zanen ne a tsawon bugun zuciya, kuma ba tare da gyaran kusurwa aka samo ta ba. Wanda ya karanta ƙololuwa ko ya saka gyaran kusurwa zai tura yaro layin da ba nasa ba. Layin saman nan ma na'ura ce ke zana shi, gen in ya yi yawa sai ta bi hayaniya ta hau sama.

Fawa Dofla, wanda Jonathan Rubin da mutanensa na jami'ar Michigan suka yaɗa a 1994, yana watsar da juyawar kibiya ya nuna ƙarfin abin da ya tsira daga filta kawai. Baya aliyasin, ya fi kama ƙananan jijiyoyi, amma ba gudu ba alkibla kuma ko ɗan motsi yana ɓata shi. Sababbin na'urori kuma suna harba sauti a faɗin wuri gaba ɗaya su ɗauki dubban hotuna a daƙiƙa, sai filta ta samu samfur masu yawa. A 2015 masu bincike a Paris suka nuna wata hanyar lissafi mai suna SVD, wadda ke raba nama da jini ta la'akari da cewa nama yana motsi tare a dunƙule a wuri mai faɗi, jini kuwa siginarsa a tarwatse take, da wannan ake ganin jinin da ya fi nama jinkiri ma.

Abu ɗaya kar ka manta, PW da kala sun fi hoton fari da baƙi zuba ƙarfi a wuri ɗaya, dan haka a watanni ukun farko na ciki ba a kunna su haka kawai dan uwa ta ji bugun zuciya, in dole ne a kula TI, lambar da ke nuna yadda sautin zai iya ɗumama nama, kar ya wuce 1 kuma a taƙaita.

In ka samu na'ura ba kowa, ɗora firob ɗin liniya, mai miƙaƙƙen baki, a wuyan hannunka inda ake jin bugu, ka karkata akwatin kala, ka dinga sauke PRF mataki mataki har tsakiyar ta juye, sannan ka mayar ka ɗaga wol filta kaga gefe-gefen sun fara ɓacewa. Daga nan miƙar da akwatin ya zama digiri 90 da jijiyar kaga me zai rage.